Saƙon da Ya Riga Ni Isa Zurmi

Ranar Talata ta biyu bayan ƙaramar Sallah, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, muka tashi daga Kaura Namoda mu uku: ni, da Malama Hadiza wadda take koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare, da direbanmu Malam Buba. Ƙarfe bakwai daidai muka yi alkawarin tashi. Kwatan nan Buba ne ya ɓata shi wajen neman igiyar ɗaure but ɗin mota, kuma ban ɓoye masa ra'ayina ba.

Tun da na dawo, abokaina tsofaffin malamai ba su bar ni na huta ba. Kowa na haɗu da shi bayan sallar la'asar sai ya ce, "Hedimasta, yaya Shinkafi? Yaya Zurmi?" Ni kuma in ce lafiya lau. Amsar nan gaskiya ce game da hanya, amma ba ta cika ba. Na ga ya fi mini in rubuta labarin sau ɗaya, domin ba zan iya maimaita shi da bakina sau goma ba.

Hadiza ɗalibata ce tun tana 'yar aji ɗaya, yanzu kuwa ita ma furfura ta fara leƙo mata. Wata ƙungiya ce ta ɗauke ta ta zagaya garuruwa tana koya wa manya yadda za su bambance gaskiya da ƙarya a cikin saƙonnin da suke shigowa wayoyinsu. Ta zo har gida ta durƙusa ta ce, "Baba, in na tsaya ni kaɗai da kwamfuta, limamai za su saurare ni don ladabi kawai. In kai ka buɗe taron, za su ji." Na amince ba tare da jinkiri ba. Shekara talatin da biyar na yi ina gyara littattafan yara da jan biro. Ban ga abin da zai gagare ni a gyaran manya ba.

Abu na farko da na lura da shi a hanya shi ne, yanzu ba a fita gari kai tsaye. A bakin gari motoci suke taruwa su jira juna, sai sun kai kamar goma sannan a ɗunguma. Muna cikin jiran nan wani fasinja na motar gabanmu ya zo yana nuna wa direbobi wayarsa, wai an ce an tare hanya gaban Moriki. Buba ko kallon wayar bai yi ba. Ya tsaya a gefen titi har wata motar itace ta ɓullo daga can, ya ɗaga mata hannu, direban ya shimfiɗa tafin hannunsa ta taga, alamar hanya lafiya, ya wuce.

"Mu tahi, Malam," in ji Buba. "Wanda ya hito yanzu shi ad da labari. Waya ba ta bin hanya."

Na ciro littafin aljihuna na rubuta maganar, don in yi amfani da ita a aji.

Shingaye biyar muka wuce kafin Shinkafi. A na uku, wani ɗan sa-kai mai layu har gwiwar hannu ya sa aka buɗe akwatin majigi. Ya juya shi sama da ƙasa.

"Baba, wanga na kallon ƙwallo ne?"

"Na karatu ne."

"Karatu da majigi! Mu da bulala munka yi namu, shi ya sa bai zauna ba."

Ya mayar da shi a kife, sai da na fito na gyara.

A Shinkafi wani tsohon jami'in ilimi ya sauke mu, ni da Buba a ɗakin zaure, Hadiza a cikin gida. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi. Ni ɗan barikin jirgi ne. Mahaifina akawu ne a tashar Kaura, shi ya kai ni makarantar mishan, inda aka saba mana da cokali har ya zama jiki. Da na zaro nawa daga aljihu, mai masaukin ya yi dariya har da tari, ya ce da Buba, "Ka gani? Ko tuwo sai ya yi mashi maki." Wata al'adarsu da ban taɓa gani a gida ba ita ce ta sauraron saƙo. Bayan la'asar mutanen unguwa sukan zauna a tabarma, a jefa waya ɗaya a cikin kwanon sha don muryar ta ƙaru, kowa ya kasa kunne kamar ana karanta wasiƙar ɗan da ya tafi ci-rani. Mu a Kaura kowa da tasa yake fama a ɓoye. Na tambayi wani dattijo ko sun san mai maganar. Ya ce, "Ba mu san shi ba, amma ka ji yadda yake rantsuwa."

Ranar Laraba muka yi aji a zauren wata firamare. Akwai limamai, da malaman makaranta, da shugabannin mata, da wani mai shagon cajin waya da ake kira Ɗanjuma, wanda aka ce rabin labaran garin ta hannunsa suke bi. Na buɗe da tambayoyin da na shirya: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, ya gani da idonsa ko an gaya masa? Na kawo musu maganar Buba, suka yi na'am. Na tsawata wa wani malami da ya shigo a makare. Komai yana tafiya yadda nake so, har Hadiza ta ce kowa ya duba wayarsa ya kawo saƙo ɗaya a gwada.

Na Ɗanjuma aka haska a bango. Hoton wani mutum ne a kan babur, an lafta masa burodi, a bakin daji. Ƙarƙashinsa takarda ce da Turanci, da lamba a sama, da hatimi, da sa hannu, tana cewa wannan Sanusi ne mai gidan burodi a Zurmi, shi yake kai wa 'yan bindiga abinci da labari, a yi hattara da shi. Ƙarƙashin takardar kuma fassara ce da Hausa. A ƙarshen fassarar akwai haruffa biyu, B.Y., da sunan Kaura, da kwanan wata.

Sunana Bawa Yusufu.

A cikin azumi ne takardar ta shigo guruf ɗinmu na tsofaffin malamai a waya. Wani ya rubuta, "Hedimasta, a taimaka wa marasa Turanci." Na duba ta yadda aka koya mini duba takarda: lamba tana nan, hatimi yana nan, an sa hannu. A zamaninmu abin da ya cika waɗannan sharuɗɗa daga ofis ya fito, domin ba kowa ke da keken rubutu da hatimi ba. Ban tambayi wane ofis ba. Ban tambayi ko wani ya san mutumin ba. Na zauna na yi awa guda ina zaɓen kalmomi, sannan na sa haruffan sunana da kwanan wata, kamar yadda malaminmu na mishan ya horar da mu mu yi a ƙasan kowane aiki. Na tura, na ji daɗin na yi wa jama'a hidima, na tafi shan ruwa.

Shekara shida haruffan nan suna ƙasan littattafan Hadiza da jan biro. Ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da idonta kan kwamfuta. Ta nuna wa ajin yadda ake ɗaukar hoto a nemi asalinsa a intanet. Ba a yi minti biyar ba sai ga shi: tsohon hoto ne na shekara biyu da suka wuce, ranar da mutumin ya kai burodi sadaka ga waɗanda aka koro daga ƙauyuka suka fake a wata makaranta. An yanke gefen da ginin makarantar yake, an bar daji. Ofishin da aka rubuta a saman takardar kuwa, aka nema sama da ƙasa, babu mai irin sunan.

Zauren ya ɗauki salati. Wani limami ya ce, "Malam, shi wanda ya ƙaga ta, Allah ya isa. To wanda ya maishe ta Hausa hwa? Mu ai tashi munka karanta."

A nan ne ya kamata in ce ni ne. Abin da na ce shi ne, "Ya yi ganganci." Ban tsaya nan ba. Na yi kusan minti goma ina bayanin illar ganganci, da muryar da nake yi wa 'yan aji shida faɗa, suna gyaɗa kai, wasu har suna rubutawa. Da aka tashi, Ɗanjuma ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce da ana samun irina da ƙasar nan ta gyaru.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, muka fito muna cin karo da motocin shanu da na hatsi. An ce hanyar da ta ratsa daji ba ta biyuwa, don haka muka komo wajen Kaura muka kama titin Zurmi. Zafin bazara ya cika motar. Buba ya tsaya shan mai, ya bar mu mu biyu.

"Baba," in ji Hadiza daga kujerar baya, "gobe a garin mutumin za mu yi aji."

"Na sani."

"Ban faɗa wa kowa ba."

"Me ya hana ki?"

"Kai ka hana mu nuna ɗan aji da yatsa. Ka ce a bar mai laifi ya miƙe da kansa."

Ban juya ba. Na ce zan yi magana a ƙarshen darasi, cikin tsari, bayan an gama abin da aka zo yi. Ta ce to.

Ba mu tsallaka iyaka ba, amma iyakar ta zo ta same mu. Muna dab da Zurmi wayata ta yi ƙara, na duba, sai ga saƙo da Faransanci yana yi mini maraba da zuwa Nijar. Buba ya ce, "Malam, ka shiga Faranshi ba fasfo!" Aka bayyana mini cewa sabis ɗinmu yakan ɗauke kwana da kwanaki, sai mutane su nemi tudu su kamo na maƙwabta. Saboda haka saƙo in ya samu shiga garin, yakan daɗe shi kaɗai ba wanda ya biyo shi ya ƙaryata. An sauke mu a gidan malamai na wata makaranta, ɗakin ba labule, tabarma sabuwa. Aka kawo fura da nono mai sanyin randa, irin wadda ban sha ba tun ina saurayi. Na kurɓa sau biyu na ajiye.

Ranar Juma'a da ƙarfe tara muka shiga aji. Na miƙe, na gyara takarduna, na yi sallama. Kafin in ce komai wata mata ta taso daga layin baya, za ta yi shekara hamsin da wani abu, da kwano a hannunta. Na ji ana raɗa cewa Inna Ramatu ce, ungozomar unguwar gabas. Ta ajiye kwanon a kan teburina, ta kunna waya ta jefa a ciki.

Muryar wani namiji ce, yana karanta fassarata kalma bayan kalma, har da inda na sa waƙafi yana numfasawa. Da ya gama sai ya ƙara da nasa: "Jama'a, wanga ba zancen bakin titi ba ne. Hedimasta Bawa Yusufu na Kaura ya rubuta shi da hannunshi. Duk wanda ya yi makaranta ya san ba ya ƙarya."

Ta ɗauke wayarta.

"An ce kai ne za ka koya muna gane ƙarya," in ji ta. "Ni ba karatu ya kawo ni ba. Huskarka niz zo gani. Sanusi ƙanena ne, ni na goye shi."

Ta faɗi sauran a tsaye, ba ta ɗaga murya ba. Kwana uku bayan saƙon ya shigo, matasa suka je gidan burodin da sanduna. Suka rushe tanda, suka ƙona babur. Sanusi ta katanga ya tsira, ya tafi gidan surukinsa a Birnin Tsaba, yau wata guda ke nan bai taka garin ba. 'Ya'yansa sun daina zuwa makaranta saboda ana kiransu ɗiyan infoma. "Da takardar Turanci ta zo ba wanda ya kula," in ji ta. "Sai da sunanka ya hau."

Na ajiye takarduna a kan tebur. Na ce ni ne na fassara. Na ce ban san Sanusi ba, ban taɓa ganinsa ba, ban tambayi kowa ba. Na ce shekaranjiya a Shinkafi an nuna mini ƙarya ce, na tsaya a gaban mutane na zagi mai fassarar kamar wani ne dabam. Hadiza ta haska hoton na asali a bango, da ginin makarantar da layin mata suna karɓar burodi. Wani malami a gaba ya ce, "Wallahi ina wurin ranan! Ga ni can da hula ja." Aka juya aka dube shi, ya sunkuyar da kai, domin shi ma saƙon ya bi ta wayarsa.

Wani dattijo ya so ya rufa mini asiri, ya ce kuskure ne, kowa yana yi. Inna Ramatu ta ce, "Awo, kuskure ne. To a gyara."

Na ce zan rubuta takardar janyewa, in sa hannu. Wani ya yi dariya a baya, ba ta raini ba, ta tausayi. "Malam, wa za ya karanta? Da murya ta shiga gidaje, da murya za ta hita."

Ni ban taɓa aika saƙon murya ba. Na ɗauke shi aikin ragwaye da waɗanda ba su iya riƙe alƙalami ba, kuma na sha faɗin haka. Hadiza ta riƙe mini wayar a gaban aji. Na yi na farko, na yi tuntuɓe a sunan kaina. Na ce a share. Na yi na biyu, na uku, har na bakwai, wanda ya fito sumul ba gargada.

"Na farkon yana nan?" in ji Inna Ramatu.

Hadiza ta ce yana nan.

"Shi za a tura. Wanga na ƙarshe kamar mai karanta labarai. Wancan ne aka jin mutum ya ji kunya."

Shi aka tura.

Bayan an sauko Juma'a muka tafi Birnin Tsaba da ita. Mun tarar da Sanusi a bayan gida yana yi wa surukinsa jinkar rumbu, siririn mutum, ya fi hotonsa tsufa. Ya sauko, ya wanke hannu, ya shimfiɗa mini buzu, ya durƙusa ya gaishe ni. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Yayarsa ta gaya masa ko ni wane ne, ta kunna masa saƙon. Ya saurara har ƙarshe yana kallon ƙasa.

"Baba, ka san ni?"

"Ban san ka ba."

"Na taɓa yi maka wani abu?"

"Ko kaɗan."

"To ni abin da ya ɗaure mani kai ke nan. Wanda ya haɗa takardar, ina da zato, kuma na san dalilinshi. Kai ne na rasa naka. Wata guda ina tunani."

Na ce ba ni da dalili. An roƙe ni fassara, na ga hatimi, na so a ce aikina ya yi kyau. Ya dube ni kamar yana jiran sauran. Babu saura.

"Na yahe," in ji shi. "Amma yahiyata ba ta buɗe mani gari. Waya ta kore ni, ba ta iya maida ni. Waɗanda sunka zo da sanduna sai sun gan ka da idonsu, tsaye kusa da ni."

Na ce da Buba ba za mu koma Kaura ranar ba.

Da hantsin Asabar muka shiga Zurmi da Sanusi a kujerar gaba, ni na koma baya. Mai unguwa ya sa aka kira mutane ƙofar gidansa, har da shugaban matasan. Na cire takalmi na tsaya a rana, na maimaita abin da na faɗa a aji, ban rage komai ba. Hadiza ta zagaya da kwamfuta tana nuna hoton biyu, yankakke da cikakke. Wasu suka zo suka ba Sanusi hannu. Ɗaya daga cikin matasan ya yi kuka. Amma na ji wani a bayana yana cewa, "Ruwa dai ba ya tsami banza," na kuma ji wani ya amsa masa da cewa ai tsohon an matsa masa ne. Na juya in yi magana, Sanusi ya taɓa hannun rigata ya ce, "Bar su, Baba. Ka yi naka."

Mun iso Kaura ranar da ƙarfe biyar da minti goma na yamma. Sauran garuruwan da ke cikin shirin Hadiza ta ci gaba da su; na ce ta riƙa kunna saƙona na farko a kowane aji, da sunana, ni kuwa ban sake bin ta ba.

Sanusi ya dawo gida wajen iyalinsa bayan mako uku, 'ya'yansa sun koma makaranta. Tandar ba a sake gina ta ba. Masu shaguna sun ce su ba su zarge shi da komai ba, amma masu saye suna tambayar burodin wane ne. Da damina ta faɗi, ya kama noman gero a gonar surukinsa.